Inda za ku tsayar da ƙaramar tarakta a kan tirela

Jama'a, in za ku ɗora ƙaramar tarakta a tirela, ku tura ta gaba kaɗan, yadda kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin zai zauna a gaban tayoyin tirelar. Da zarar kun dace da wurin, ku shafa fenti a kan daɓen tirelar daidai inda tayoyin taraktar suka tsaya. Gobe ba sai kun yi ta gwaji ba.

In nauyi ya koma baya, tirela kan fara lilo da zarar mota ta ɗauki gudu, har ta fi ƙarfin direba. In kuma ya yi gaba da yawa, bayan mota ya durƙusa, sitiyari ya yi sako-sako. Lilon nan ya fi ban tsoro, gaskiya.

Sannan ku sauke cebur ɗin gaban taraktar ya taɓa daɓen tirelar, ku ja birkin hannu, ku ɗaure kusurwa huɗu da sarƙa. Bayan ƴar tafiya ku tsaya ku ƙara matsewa, sarƙa tana saki.

Amma fa alamar fentin ba ta aiki in kun sauya kayan aiki. Garma mai nauyi a baya tana canza lissafin gaba ɗaya, wani lokaci ma sai an hau da baya.