Darasi na Tara: Haɗa Kayan Tashe a Gida

Idan azumin Ramadan ya kwana 10, yara a garuruwan Hausa sukan fara fita tashe bayan an sha ruwa, suna bi gida-gida da waƙa da kwaikwayo, ana ba su hatsi ko ɗan kuɗi. Armashin wasan yana ga shigar da yaro ya yi, kuma tun asali ba a kasuwa ake sayen wannan shiga ba, da tsumma da kara da auduga ake haɗa ta a tsakar gida. Sai dai aikin yana buƙatar wuƙa da basilla, wani lokaci har da wuta, saboda haka bai kamata iyaye da yayye su sakar wa yaro shi kaɗai ba.

Mu fara da shigar Tsoho da Gemu, domin ita ce mafi sauƙi. A sami guntun farin ƙyalle, a gwada shi a haɓar yaron daga kunne zuwa kunne, a yanke shi daidai wannan faɗin. A jiƙa ƙaro a ruwa kaɗan tun da safe har ya narke ya yi danƙo, idan kuma babu ƙaro, a dama garin rogo a kan wuta ya yi kauri. A shafa wa ƙyallen, a riƙa ɗora auduga kaɗan-kaɗan ana jan ta ƙasa domin ta yi tsini kamar gemun gaske, sannan a shanya a rana. Idan ya bushe sai a ɗinka masa zare a gefe biyu, wanda za a ɗaure ta ƙeya. Kada a manna audugar a fatar yaro kai tsaye, domin cire ta yana da zafi. Sauran shigar ba ta da wuya: ƙunshin tsumma a cusa a bayan tsohuwar riga ya zama doro, a yafa ɗan toka a gashi ya zama furfura, a ba shi sanda ya dogara.

A nan akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe da kyau. Auduga ba ta jira idan ta ga wuta. Na taɓa ganin yaro ya sunkuya kusa da aci-balbal ɗin mai ƙosai zai karɓi sadaka, kafin a ce kwabo gemun ya kama, kuma abin da ya cece shi shi ne ɗaurin zaren zarge ne, yayansa ya fizge shi da ja ɗaya. Don haka a yi ɗauri mai saurin kwancewa, a kuma ba yara tocila maimakon fitilar kananzir.

Mai yin Danda Dokin Kara kuwa yana buƙatar busasshen karan dawa mai kauri. A jera kara biyu ta dama da hagu, a haɗa su da gajeru gaba da baya, a ɗaure da igiyar rama, a bar fili a tsakiya inda yaron zai shiga, sannan a rataya dokin a kafaɗunsa da tsumma mai faɗi. A kankare bakin kowane kara, saboda ɓawonsa yana yanka kamar reza.

Shigar dodo ita ce ta ban tsoro, kuma ta yi nisa, domin a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, yara suna yin wasan da ake kira Dodo a watan azumi da fuskokin dabbobi, wasan da Hausawa fatake suka kai can. Tsohuwar ƙwarya ake nema wadda ta rufe fuskar yaron. A kifa masa ita, a sa alamar idanu da baki da gawayi, sannan babba ya ɗora ƙusa a wuta ya huda ƙananan ramuka kewaye da alamar kafin ya yanke da wuƙa, domin idan aka fara da wuƙa ƙwaryar takan tsage. Ramukan idanu su yi faɗi sosai, tunda da dare za a yi tafiya, ga kwatami ga babura. A yi zane da gawayi da farar ƙasa, a warware tsohon buhu a ɗaura zarensa a gefen ƙwaryar ya zama gashi. Baƙin da ke cikin tsohon batir, wanda wasu yara ke fasawa su shafa a fuska, yana cutar da fata da ido, a hana su shi. Haka kuma kada a yarda yaro ya rufe kansa da leda.

Aikin gida: ku rubuta sunayen kayan da ake buƙata domin yin gemun tsoho, ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda kuke da su a gida, ku zo da guntun ƙyalle da auduga a darasi na gaba domin mu gwada tare.