Yadda ake cefanen kayan gwari a kasuwa, kowanne a lokacinsa

Uwargida, in dai kina so kuɗin cefane ya yi miki auki to ki daina zuwa kasuwa da miyar da kika riga kika yanke a ranki, ki bari kasuwar ce zata gaya miki me za a dafa. Duk abin da kika ga ya cika ko ina, a tire, a baro, a ƙasa kan buhu, yara ma suna yawo da shi, to shi ne lokacinsa ya yi kuma shi yafi araha yafi daɗi. Wanda kika ga mutum ɗaya ko biyu ne kawai ke da shi kuma suna ta ja miki aji, ki haƙura da shi tukunna.

Abu na farko tun kina gida ki san wane lokaci ake ciki. Daga hunturu zuwa farkon bazara, wato kamar Disamba zuwa Maris, lokacin kayan noman rani ne, tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, karas, kabeji, latas duk sun sauko. A Kano yawancin tumatirin nan daga Kadawa da Kura da Garun Malam yake fitowa inda ake ban ruwa da ruwan dam ɗin Tiga, shi yasa zaki ga Kwanar Gafan a hanyar Zariya ta cika da kwanduna a wannan lokacin. Da zafi ya kankama sai mangwaro ya shigo. Ruwa na sauka tumatir ya fara tsada dan baya son damina, amma Allah sai ya kawo wasu, ɗanyar kuɓewa, rama, yakuwa, alayyahu, zogale sharr, ɗanyar masara, yalo, daga baya sabuwar gyaɗa da sabuwar doya. Kaka kuma ga kabewa ga dankalin Hausa ga wake. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya nace sai miyar dage-dage a watan Yuni ba alhali ga rama da kuɓewa kamar kyauta.

Sai zaɓen kasuwa. In ɗan na kwana biyu ne kasuwar unguwa ta isa, in kuma da yawa kike so to ki nufi inda ake sauke kaya, 'Yan Kaba dan kayan miya, 'Yan Lemo a Na'ibawa dan kayan marmari. In akwai hali kasuwannin ƙauye masu ci sati-sati sun fi, kamar Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi, a can zaki iya haɗuwa da manomin da kansa ba sai ta hannun mutum uku ba. Kwando ya miki yawa? Ku haɗa kuɗi ke da maƙwabciya ko 'yar uwa ku raba, kuɗin adaidaita ma a raba.

Ki fita da sassafe musamman in ganye zaki siya, dan rana na ɗagawa alayyahu da latas sun yi yaushi duk ruwan da za a yayyafa musu. Da yamma ana samun sauƙin kuɗi tunda mai kaya baya so ya kwana da shi, amma fa abin da mutane suka tsince suka bari ne, ya dace da wadda zata markaɗa a ranar. Ki riƙe kuɗi a hannu da canji, tsohuwar da ta kawo zogale daga ƙauye ba ruwanta da taransifa. Ki tafi da bokiti ko kwando naki, tumatir a leda ɗaure cikin zafi kafin ki isa gida ya fara dahuwa.

Da kin shiga kar ki tsaya wajen na bakin ƙofa. Ki zaga, ki tambayi mutum uku ko huɗu, nan zaki gane kuɗin ranar dan na jiya ba shi ne na yau ba, ya danganta da motocin da suka shigo.

Yanzu duba kaya, nan ne aikin yake. Tumatir ki ɗauka ki ji nauyinsa da taurinsa, irin UTC ɗin nan mai tsoka yafi auki a miya kuma yafi jure ajiya akan mai ruwa-ruwa. Ki duba ko akwai ƙananan huji, tsutsar nan ce da manoma ke kira sharon wadda ta yi ɓarna sosai a 2016, waje lafiya ciki ya lalace. In kwando ne kar ki yarda da na sama kawai, ki ce a juye miki a gabanki cikin naki mazubin, mai gaskiya ba zai ƙi ba. Albasa ki matsa wuyanta, in ya bushe ƙam zata daɗe, sabuwa mai ɗanyen wuya kuwa ta amfanin sati ce kar ki jibga. Kuɓewa ƙanana masu laushi, manyan sun riƙa. Kankana ki duba gefen da ya kwanta a ƙasa ya zama ruwan ɗorawa ba fari ba, ki ƙwanƙwasa, in kina shakka ki ce a ɗan yanka.

Mangwaro da ayaba kuma sai an kula, dan akwai masu nunar da su da wani sinadari da ake kira kabaid, abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Mangwaron da ya fito tun lokaci bai yi ba, jikinsa ya yi kala ɗaya tas amma ba ƙamshi, ciki tsami, ki bar shi. Wanda ya nuna dan kansa tun daga nesa hancinki zai gaya miki.

Wajen ciniki a fara da gaisuwa, sannu da kasuwa Baba, ya ciniki Malam. Ki tambaya, ki taya, in ya ce albarka ki ɗan ƙara ko ki matsa gaba ba faɗa. In an daidaita ki nemi gyara, wani lokacin gyaran yafi ragin da kike ta ja a kai. Amma dan Allah in manomi ne ko tsohuwa mai ɗaurin ganye kar a murƙushe su, taki da fetur ɗin injin ban ruwa da kuɗin mota duk a cikin wannan ɗan kashin suke. Kuma in kin samu mai kaya mai amana ki riƙe shi, watarana shi zai ce miki Hajiya bar wannan na jiya ne.

Kina dawowa gida ki baje komai a inuwa ki ware masu tabo a fara da su. Latas da kabeji da karas da za a ci ɗanye a wanke su sosai da ruwa mai kyau da gishiri ko kal, a sake ɗauraye su, dan wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake ban ruwa. In lokacin arahar tumatir ne ki markaɗa da attaruhu da tattasai ki dafa har ruwan ya tsotse ki sa a firiza in wutarku na zama, in bata zama ki yanka ki shanya akan tsaftataccen buhu a sama inda ƙura da awaki ba zasu kai ba, kin samu kauɗarki ta damina. Kuɓewa ma a yanka a shanya, zogale da rama kuwa a inuwa ake busar da su dan kar koren ya tafi, in sun bushe ƙarau a zuba a roba mai murfi.