Yadda ƙungiyar rok mai tsauri ke fitar da waƙa tilo, da yadda ake gane karɓuwarta

Waƙa tilo ita ce ake turawa gaba ta share wa kundin waƙoƙi (albam) fage, don haka aikin farko shi ne zaɓenta, kuma a nan yawancin ƙungiyoyi ke yin tuntuɓe. Makaɗa kan so waƙar da ta fi ba su wahala a situdiyo, mai minti shida da doguwar gwanintar jita a tsakiya. Wadda ya kamata a fitar ita ce wadda salon jitarta ke kama kunne tun daga buɗewa, amshinta kuma ya iso da wuri. Manhajar sauraren waƙa ta Spotify ba ta lissafa saurare sai mutum ya kai daƙiƙa 30 a kan waƙa. Idan gabatarwar kiɗa ta ci daƙiƙa 50 kafin a ji murya, baƙon kunne ya riga ya tsallake.

Sai gyaran sauti, inda wannan nau'in kiɗa yake da matsalarsa ta daban. Jita mai amo da muryar mawaƙi suna kokawa a wuri guda, wajen kilohaz 2 zuwa 4. Idan murya ta nutse, kada a ƙara mata ƙarfi kawai, domin za ta hau kan kiɗan kamar an liƙa ta. A rage wa jitocin kaɗan a wannan yankin, a raba su hagu da dama, a bar wa murya da babbar ganga tsakiya. Bayan haka a saurari miksin ɗin, wato haɗaɗɗen sautin, a lasifikar waya. Ƙaramar lasifika ba ta fitar da ƙasan sauti, don haka jitar bes takan ɓace ɗungurungum, sai an ɗan ƙara mata kaushi a tsakiyar sauti kafin a ji ta.

A wajen mastarin, wato gyaran ƙarshe na sauti, akwai tsohuwar ɗabi'ar matse waƙa har ta fi ta kowa ƙara. Yanzu wannan ba ya biya. Spotify na daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, wato waƙar da aka matse sosai za a rage mata ƙara ne kawai, ta fito a daskare, dukan ganga ba ya tashi. Ba dole ne a tsaya daidai kan -14 ba, rok na son kauri, amma a bar ƙololuwar sauti a -1 a ma'auninta na dBTP, ko -2 idan waƙar ta fi wancan ma'auni ƙara, don kada ta yi ƙarar fashewa bayan an mai da ita ƙaramin fayil. A karɓi fayil na WAV, bit 24 ko 16, a kilohaz 44.1, kuma a nemi kwafi uku tun injiniya bai rufe aikin ba: cikakkiya, ta rediyo wadda ba ta wuce minti huɗu ba kuma aka share ashar daga cikinta, da kiɗa zalla ba murya.

Kafin a ɗora komai, a zauna a rubuta rabon haƙƙin mallaka: wa ya rubuta baiti, wa ya kawo salon jita, kaso nawa kowa zai samu, kowa ya sa hannu. Ranar da kuɗi bai shigo ba ita ce ranar da wannan magana ke da sauƙi. Marubutan waƙar su yi rajista da hukumar karɓar haƙƙi, irin su ASCAP ko BMI a Amurka, ko PRS a Birtaniya.

Ɗorawa kan bi ta kamfanin rarrabawa kamar DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Su ne ke ba waƙar lambar shaida ta ISRC mai haruffa da lambobi guda 12, wadda da ita ake bin sawun kowane saurare. A adana ta, domin idan waƙar ta koma cikin kundi da lambar da ba ta canza ba, lissafin saurarenta zai bi ta. Hoton bango ya zama murabba'i, fiksel 3000 kowane gefe, ba adireshin intanet a jikinsa, in ba haka ba a dawo da shi. A duba rubutun sunan ƙungiya harafi bayan harafi. Kuskure ɗaya kan jefa waƙar a shafin wata ƙungiya mai suna iri ɗaya, gyaran kuma kan ci kwanaki.

A tsayar da ranar Juma'a, wadda tun Yulin 2015 ta zama ranar fitar da sababbin waƙoƙi a duniya, kuma makon ƙidayar Billboard, mujallar Amurka mai fitar da jadawalin waƙoƙi, daga ita yake farawa. A miƙa fayil mako huɗu zuwa shida kafin ranar. Dalili shi ne Spotify for Artists, shafin mawaƙa na Spotify, na karɓar tallata waƙa ga editocinsa masu zaɓen jerin waƙoƙi ne kawai tun ba ta fito ba, waƙa guda a lokaci guda, kuma sai an yi haka aƙalla kwana 7 kafin fitowa za ta shiga Release Radar, jerin sababbin waƙoƙi da Spotify ke haɗa wa mabiyan ƙungiyar. A cikin waɗannan makonni ne ake tura wa mujallu irin Kerrang! da Metal Hammer adireshin saurare na sirri, da hoto, da bayani gajere. Rediyo na da nauyi a wannan kiɗa har yanzu: jadawalin Mainstream Rock na Billboard, wanda aka fara a 1981, da abin da tashoshi suka saka ake lissafa shi, kuma waƙa kan yi makonni tana hawa a hankali.

Lambar saurare ta ranar farko ba ta faɗin komai sai yawan tsofaffin masoya. Abin dubawa shi ne mako na biyu da na uku. A duba mutum nawa suka ajiye waƙar a ma'ajiyarsu, sau nawa kowa ya maimaita ta, da kuma inda sauraren ya fito. Idan duk daga jerin edita guda ne, ranar da aka cire ta lambar za ta faɗi warwas. A YouTube akwai zanen da ke nuna daƙiƙar da masu kallo ke ficewa. Idan ramin ya faɗo daidai kan gwanintar jita, an san abin da za a datse a kwafin rediyo na gaba.

Masu sayar da saurare na bogi za su turo saƙo, musamman tunda daga 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a cikin wata 12 ba. Kada a saya. Ana ganewa, ana iya sauke waƙar, tarar kuma ta biyo ta hannun kamfanin rarrabawa.

Ƙorafin tsofaffin masoya cewa ƙungiya ta yi laushi ko ta bar asalinta kusan kowace sabuwar waƙa na shan sa, kada a canza tsarin kundi saboda sharhin kwana biyu. A saka sabuwar waƙar ta zama ta uku ko ta huɗu a wasan dandali na gaba, mawaƙi ya janye daga makirufo a amshi na biyu, a ji ko 'yan kallo za su ɗauka.