Shawara ga masu tara tsofaffin bindigogi masu bututun Damaskas

Jama'a, duk wanda ya samu tsohuwar bindigar nan da ake jan mariƙinta gaba da baya, irin Spencer ta 1882 ko Winchester ta 1893 da 1897, in bututunta mai zane ne, wato wanda ake kira Damaskas, don Allah kada ya sa mata harsashin zamani.

Zanen nan ba fenti ba ne. Sandunan ƙarfe iri biyu aka murɗa, aka naɗe su a jikin sanda, aka yi ta dukansu da zafi har suka haɗe, galibi a maƙerun Liyej ta Beljiyam. Kowace mahaɗa kuwa wurin ɓuyar tsatsa ce, ido ba ya ganinta. Don baƙin albarushi aka yi galibin irin bututun nan, kuma gidan harsashin bindigogin farko gajere ne. Harsashin yanzu zai iya tarwatsa bututun daidai inda hannun hagunka yake.

Wajen gyara ma, a bar samfefa. Na fi son in ga bututu ya dushe da in ga an kankare shi yana ƙyalli, darajarsa ta zube. Ɗan mai a tsumma mai laushi ya isa. A cire bindigar daga jakar fata, tana riƙe danshi.