Yadda ake gudanar da zaman wasa ga yaran da suka yi jinkirin tafiya ko magana

Yaro ɗan shekara biyu yana farke awa 70 zuwa 90 a mako. Zaman wasa kuwa, komai kyansa, bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Don haka wanda ake koyarwa a zaman, a gaskiya, shi ne babban da ya kawo yaron, uwa ce ko uba ko mai reno, domin a hannunsa sauran awannin suke. A kan wannan tunani Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina shirinta na horar da masu reno, wanda ya ƙunshi zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3 ga iyalan yara 'yan shekara 2 zuwa 9. Duk matakan da ke tafe a kan haka suke tafiya.

A fara da sanin matsayin yaro

Kafin a shimfiɗa tabarma, likitan yara ya ga kowane yaro. Alamun da bai kamata a ce "zai yi da kansa" a kansu ba su ne: wata 9 bai iya zama shi kaɗai ba, wata 12 ba gwaranci, ba ɗaga hannu, wata 18 bai fara tafiya ba, ko ba ya nuna abu da yatsa, shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu. Idan kuwa yaro ya iya abu sannan ya daina, kamar kalmomin da yake faɗi su ɓace, wannan na ganin likita ne cikin gaggawa, ba na jiran zaman wasa ba.

Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri a gwada jinsa, ko da iyaye sun ce yana juyowa idan an kira shi. Ruwa kan taru a bayan dodon kunne, yaro ya ji ƙarar ƙofa amma sautukan magana su zo masa a dushe. Bakwaini kuma da lissafinsa daban: wanda aka haifa a mako 32 ya riga lokacinsa da mako 8, saboda haka idan ya kai wata 10 a auna shi da ma'aunin ɗan wata 8. Ana yin wannan rangwame har ya cika shekara 2.

Rukuni da ɗaki

Yara 5 ko 6 sun isa, kowanne da babbansa, da masu jagoranci biyu. A haɗa su bisa abin da suka iya, kada a bi shekaru. Ɗan shekara uku da bai fara magana ba zai fi ƙaruwa kusa da ɗan shekara biyu da ke matakinsa.

Ɗakin ya zama mai shiru, bangonsa ba tarkace, a kashe talabijin, wayoyi su koma jaka. Kayan wasa ba sa buƙatar yawa: ƙwallo, kofunan da ke shiga juna, kwali da murfi, 'yar tsana da cokali, littafin hotuna mai kaurin takarda, ruwan sabulun busa kumfa. A sami bibbiyu na kowanne don rage rikici. Masu batir da ke ta kiɗa da walƙiya a ajiye su, domin su suke yin wasan, yaro kallo kawai yake yi. Duk abin da faɗinsa bai wuce kimanin santimita 3 ba zai iya maƙale wa ɗan ƙasa da shekara uku a wuya. Batirin agogo da ƙananan maganaɗisu da fasasshen balan-balan kada ma su shigo ɗakin.

Buri ɗaya ko biyu

A zauna da iyaye a tambaye su abin da ya fi damunsu a gida, a mayar da shi abin da ido zai gani. "Ya iya magana" buri ne da ba ya aunuwa. "Ya nemi ƙari da kalma ko da alamar hannu sau 3 a lokacin wasa" yana aunuwa, kuma uwa za ta san ranar da ya faru.

Tsarin zaman

Tsari ɗaya za a riƙe kowane mako, domin yaron da bai gama fahimtar magana ba da maimaici yake gane abin da ke tafe. Minti 10 na farko waƙar gaisuwa ce a da'ira, ana kiran sunan kowane yaro. Sai minti 20 na wasan ƙasa, wato wasa a zaune a kan tabarma, tsakanin yaro da babbansa, minti 15 na motsa jiki kamar rarrafe ta cikin kwali da hawa matashi da tura ƙwallo, minti 10 na wanke hannu da ɗan abin taɓawa, sannan waƙar sallama. A manna hoton kowane sashe a jere a bango, a cire shi idan an gama. Kafin a sauya, a yi gargaɗi: "Saura ɗaya, sai mu kwashe." Yawancin kukan da ake yi a irin wannan zama a wurin sauyin nan yake ɓarkewa, idan an fizge abin wasa ba sanarwa.

Minti 20 na wasan ƙasa

Nan ne aikin yake, nan kuma ya fi wuya ga manya. Uwa ta zauna a gaban yaro, fuskarta daidai da tasa, kada ta zauna a bayansa. Ta duba abin da hankalinsa ke kai ta bi shi. Idan buga kofi yake a ƙasa, ita ma ta ɗauki nata ta buga, ta tsaya, ta dube shi. Sau da yawa a nan ake samun haɗa ido na farko.

Ɗauki wasan kumfa. Uwa ta busa sau ɗaya, kumfa ta tashi, yaro ya bi ta da ido har ta fashe. Sai ta riƙe sandar kusa da bakinta, ta ɗaga gira, ta yi shiru, tana ƙirga goma a ranta. Shirun yana da nauyi, bakinta zai yi ta son cewa "ka ce ƙara mana". Ta daure. A daƙiƙa ta shida ko ta bakwai yaron zai iya miƙo hannu, ko ya dube ta, ko ya ce "ah". Ko wanne ya yi, magana ce. Nan take ta ce "ƙara!" ta busa. Da haka yake gane cewa abin da ya yi ne ya kawo kumfar, kuma wannan fahimtar ita ce tushen magana. Yaro mai jinkiri yana buƙatar lokaci mai tsawo kafin ya haɗa abin da ya ji da amsar da zai bayar. Idan an sake yi masa magana kafin ya gama, sai ya koma farko.

Maganar babba ta ɗara ta yaro da taki ɗaya kawai. Wanda bai da kalma a ba shi kalma ɗaya: "ƙwallo". Mai kalma ɗaya a ba shi biyu: ya ce "mota", a ce "mota ta tafi". A rage tambayoyi. "Mene ne wannan? Wane launi ne?" jarrabawa ce, kuma yaron da ya sha faɗuwa a cikinta shiru zai koya. A faɗi abin da yake yi kawai. Idan ya furta kalma a karkace kada a ce ya yi kuskure, a maimaita masa ita daidai a wuce. Alamun hannu da hotuna ba sa hana magana fitowa, suna rage wa yaro takaici ne kafin ta zo.

Wajen aikin hannu, a ba da mafi ƙarancin taimakon da zai sa ya yi nasara: a jira tukuna, sai a nuna masa, sai a taɓa gwiwar hannunsa, kama hannu shi ne na ƙarshe. Dabarar farawa daga ƙarshe tana aiki sosai. Wajen cire safa, uwa ta zare ta har yatsu, yaro ya ƙarasa fizgewa. Mako mai zuwa ta tsaya a diddige.

Inda ake samun matsala

Babbar matsalar daga mai jagora take fitowa: ya karɓi yaro ya yi wasa da shi da gwaninta, uwa tana gefe tana kallo, ta koma gida da tunanin cewa ita ba za ta iya ba. Mai jagora ya nuna sau ɗaya, ya miƙa mata, ya koma gefenta yana faɗin abin da ta yi daidai: "Kin ga da kika jira ya dube ki?" Haka nan a hana kwatanta yara tun ranar farko, kowane yaro da kansa na jiya ake auna shi.

Yaron da ya toshe kunne ko ya fara jifa, hayaniya ce ta yi masa yawa. A tanadi lungu mai shiru da matashi inda zai huta da babbansa, ba a matsayin horo ba. Mai sandarewar gaɓoɓi ko sanyin jiki sai an gyara masa zama kafin wasa, ƙafafu a ƙasa, ƙugu da baya a tokare, domin wanda ke faman riƙe jikinsa ba shi da sauran ƙarfin da zai sarrafa hannu. Likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne zai nuna zaman da ya dace da shi. Yaro mai larurar Daun, wadda ake haifar yaro da ita take kuma jinkirta girma da koyo, kada a sa shi tuntsura gudiddi ko wasan da ke danne wuya, saboda a wasunsu ƙasusuwan saman wuya ba su da ƙarfin riƙo. Wanda ke tari ko ƙwarewa duk sanda ya ci ko ya sha a tura shi a duba haɗiyarsa.

Abin da za a tafi da shi gida

Kowace uwa ta fita da aiki ɗaya, a ɗaura shi a kan abin da take yi kullum: jira kafin ta zuba ruwa a wanka, ko ba shi zaɓi tsakanin riga biyu da safe. Minti 5 sau uku ko huɗu a yini ya fi awa ɗaya a ƙarshen mako, saboda yaro a wurin da zai yi amfani da abu yake riƙe shi. Mai jagora ya rubuta layi biyu a kan kowane yaro bayan zama: me ya yi, da wane irin taimako. Bayan mako 8 zuwa 12 a zauna da iyaye a duba rubutun. Burin da ya cika a ɗaga shi, wanda ya tsaya a raba shi ƙanana, idan kuma ba wani motsi sam, a mayar da yaron wurin likita a sake duba ji da gani da yiwuwar farfaɗiya ko otizim, wato larurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da sadarwa da mutane.