Kafin ki dangwala yatsa a takardar masu bincike

Na daɗe ina aikin jinya a Damagaram. Makon jiya ƙanwata ta zo daga Birni da wata takarda da Faransanci, wai masu binciken magani suna son ɗanta ya shiga. Ta ce, "Yaya, in sa hannu?" Ga abin da na faɗa mata.

Fara da tambaya ɗaya, ido cikin ido: wannan magani an riga an tabbatar da shi, ko gwaji ne? Rigakafin sanƙarau na MenAfriVac da aka fara yi a Nijar a 2010 ya gama gwajinsa kafin a fita da shi unguwa-unguwa. Gwaji kuwa daban, su kansu likitocin amsar suke nema. Ba laifi ba ne, da haka aka samu kowane magani, amma dole a faɗa miki.

Sai ki sa a karanta miki takardar da Hausa, kuma ki zo da naki mai karatun, ba nasu ba. A nan nake da zafi. A Kano, a 1996, cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara kusan 200. Iyaye da dama sun ce ba su san gwaji ba ne, maganar har kotu. A Tuskegee ta Amurka kuma, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙar fata da ciwon tunjere ana kallon yadda yake cin su, har bayan da aka samu penisilin, maganin da ke warkar da shi.

Tambayi illar maganin, da wanda zai biya in yaro ya jikkata, da lambar da za ki kira ko da tsakar dare. Ki riƙe kwafin takardar a gida.

Kunya ce babbar matsalarmu. Mai farar riga ya yi magana, sai mu ce "to". Amma tun Ƙa'idar Nuremberg ta 1947, wadda ta tsara gwaji a jikin ɗan Adam, aka rubuta cewa ba a gwaji da mutum sai da yardarsa, kuma yana iya janyewa. Yardar mai unguwa ba taki ba ce. Kuɗin mota da za su ba ki ma ba bashi ba ne.

Ta naɗe takardar a bakin zane, ta ce sai ta kwana a kai, ta kuma yi shawara da maigidanta.