Yadda Ake Bin Sawun Rana da Inuwar Sanda a Tsakar Gida

Wanda ke zaune a Kano ko Katsina ba lallai ne ya lura da sauyin tsawon yini ta hanyar duba agogo ba, domin bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a nan kusan awa ɗaya da rabi ne kawai. Inuwa kuwa tana nuna wannan sauyi ƙarara, kuma sanda ɗaya ta isa a gane shi.

A samu miƙaƙƙiyar sanda a kafa ta a shimfiɗaɗɗen wuri da rana ke samu tun daga hantsi har la'asar, ta yadda abin da ya fito sama da ƙasa zai zama mita ɗaya cif. A rataya zare mai ɗaure da ɗan dutse a gefenta domin a tabbatar ba ta karkace ba, saboda ƙaramar karkata tana ɓata awon shekara guda.

Abin da ake nema shi ne inuwa mafi gajarta ta yini, wato ta lokacin da rana ta take tsaka, gab da zawali. Kada a ɗauka cewa ƙarfe 12 daidai ne lokacin. A Kano rana tana take tsaka ne tsakanin kusan 12:10 a farkon Nuwamba da kusan 12:40 a tsakiyar Fabrairu, don haka sai a fara sa alama a bakin inuwar tun daga 11:45, duk bayan minti biyar, har a ga ta daina raguwa ta fara ƙaruwa. A auna mafi gajartar, a rubuta tsawonta da ɓangaren da ta nufa da kwanan wata. Sau ɗaya a mako ya wadatar, sai dai hazon hunturu da gajimaren damina za su riƙa cinye wasu ranaku.

Kano tana kan kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Wajen 21 ga Disamba inuwar za ta miƙe arewa kimanin santimita 71, kuma yinin bai wuce awa 11 da minti 25 ba. Daga nan sai ta riƙa janyewa, har ta koma kusan santimita 21 wajen 20 ga Maris, lokacin da dare da yini ke kusan yin kunnen doki. Wajen 22 ga Afrilu sandar za ta rasa inuwa baki ɗaya da tsakar rana, domin ranar tana bisa kai sosai. Bayan wannan ne ake ganin abin da mutanen Ingila ba su taɓa gani a ƙasarsu ba: inuwar ta juya kudu, ta kai kimanin santimita 20 wajen 21 ga Yuni, ranar da yini ke kai awa 12 da minti 50, sannan ta dawo ta sake ɓacewa wajen 21 ga Agusta.

Dalilin duk wannan shi ne karkatar da duniya ta yi da kimanin digiri 23.4 a yayin da take zagaya rana. Nisa ba shi da hannu a ciki, hasali ma a farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, a daidai lokacin da muke jin ɗumi a bakin wuta.

Yana da kyau a haɗa da lura da mafitar rana. A tsaya wuri ɗaya da sassafe a duba ta saitin wace bishiya ko wane gini take ɓullowa. Za a ga ta matsa kimanin digiri 24 zuwa arewa maso gabas a Yuni, ta kuma matsa haka zuwa kudu maso gabas a Disamba.

Awon yana da amfani ga lokutan salla, domin a mazhabar Malikiyya lokacin La'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Ke nan a ƙarshen Disamba sai inuwar wannan sanda ta kai kusan santimita 171, alhali a ƙarshen Afrilu santimita 100 da ɗan ɗoriya ta isa.